Karayar Hannu, Ɓalle Kwaɗo da Takardar Hul'i: Nazarin Wata Shari'ar Aure a Sakkwato

Lamarin da zan bayyana ya faru ne a cikin garin Sakkwato, tsakanin wata mata mai shekara ashirin da 'yan kai da mijinta, wani mai fataucin albasa, bayan sun shekara takwas da aure sun haifi 'ya'ya uku: namiji mai shekara 7, mace mai shekara 4, da jaririya da ke kan nono. Na sakaya sunayensu da na unguwarsu da na ofisoshin da maganar ta bi ta cikinsu. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne rigima guda ta cikin ɗaki ta haifi shari'a uku, kowace da ƙofarta da ƙa'idarta, kuma saura ƙiris matar ta rasa sadakinta da renon 'ya'yanta saboda danginta sun ɗauka duka ukun magana ɗaya ce.

Wani dare cikin hunturu gardama ta tashi tsakaninsu a kan kuɗin cefane, mijin ya mare ta, ya hankaɗa ta, ta faɗi a kan dokin ƙofa ta dafa ƙasa da hannun dama. Ya ce mata, "Tashi ki tahi gidanku." Ya hana ta manyan yaran biyu, ya sa wa ɗakinta kwaɗo. Da yake hannun ya ƙi ɗaguwa, maƙwabciyarta ce ta ɗora mata jaririyar a baya ta ɗaure mata zanen goyo, mai shagon bakin layi kuma ya tsayar mata da keke Napep, ta nufi gidan mahaifiyarta, domin mahaifinta ya daɗe da rasuwa.

Da gari ya waye aka kira mai ɗori, ya duba ya ce targaɗe ne, ya ja hannun ya ɗaure. Sai da aka kwana uku, hannun ya kumbura har yatsun suka daina motsi, sannan aka tafi asibiti, hoton ƙashi ya nuna karaya a wuyan hannu. Ba na raina masu ɗori, amma aikinsu ba ya barin takarda, kotu kuwa tana son abin da za ta riƙa ta karanta. Abin da ya kamata a yi tun daren shi ne a kai rahoto caji ofis mafi kusa, a karɓi fom ɗin asibiti da 'yan sanda ke bayarwa, likita ya rubuta irin raunin da ya gani tun shatin yatsu bai baje daga fuska ba. An rasa wannan, sai dai an tsira da wani abu. Lokacin da ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta abin da ya same ta, matar ba ta ce faɗuwa ta yi ba, kamar yadda kunya ke sa mata da yawa su faɗa. Ta ce mijinta ne ya ture ta, aka kuma rubuta hakan a katinta tare da kwanan wata. Wannan layi guda ya yi mata aiki daga baya fiye da duk rantse-rantsen danginta.

A mako na biyu ƙaninta, yaro mai zafin kai, ya ɗauki abokansa biyu da motar ɗaukar kaya, suka je gidan mijin ba ya nan, suka ɓalle kwaɗon, suka kwashe gado da katifa da kwanuka da keken ɗinki da firji da talabijin. Mijin ya wuce caji ofis ya kai ƙarar fasa gida da sata. 'Yan sanda suka zo ba su sami yaron ba, sai suka tafi da kawun matar, dattijon da bai ma san an je ba, suka ce yana hannunsu har sai yaron ya kawo kansa.

Wannan kamun ya saɓa wa doka ƙarara. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum a madadin wanda ake zargi, ko ɗansa ne ko ƙaninsa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, abin da ba ya da wuya a cikin garin Sakkwato, ya ba shi ikon yin shiru har sai ya ga lauya, ya kuma tanadi diyya da neman afuwa ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Dangin ba su san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suka sani shi ne dattijonsu ya kwana a kan siminti cikin sanyin hunturu, saboda haka da yaron ya miƙa kansa aka saki kawun, aka kuma ba da belin yaron, sai suka ji duk abin da mijin ya nema za su ba shi, a dai kashe wutar.

Abin da ya nema kuwa an rubuta shi a takardar da aka tsaga daga littafin makaranta, a zauren mai unguwa. Zai janye ƙarar sata, ita kuma ta fanshi kanta ta hanyar hul'i: ta mayar masa da sadakinsa naira 50,000 da kuɗin lefen da ya ƙiyasta da bakinsa, ta bar masa manyan yaran biyu, ta kuma kawo jaririyar da zarar an yaye ta. An sa ranar da za ta dangwala yatsa. Ana saura kwana biyu kawun ya zo wurina da kwafin takardar ninke a aljihun gaba, ya ce, "Lauya, ɗiyar nan ta gaji, mu ma mun gaji. Duba mini dai, in babu wata matsala ta sa hannu mu huta."

Matsala kuwa akwai ta, tun daga haɗa abubuwan da doka ta raba. Maganar aure da saki da reno da ciyarwa hurumin kotun shari'ar Musulunci ce, daga ƙaramar kotu zuwa babba, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya fayyace ikonta a kan irin waɗannan al'amura. Ɗan sanda ba ya raba aure, ba ya yanke wa wane ne yaro zai zauna, kuma sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ya hana kama mutum a kan saɓanin da ba na laifi ba. Karayar hannun laifi ne da matar ke da ikon kai ƙara a kansa. Ɓalle kwaɗon shi ma zargin laifi ne, amma a kan ƙanin, kuma nauyinsa yana wuyansa shi kaɗai. Takardar zauren mai unguwa ta ɗauki laifin ƙani ta mai da shi bashi a kan yayarsa, ta kuma yi shiru gaba ɗaya a kan hannun da ke cikin filasta.

Tambayar farko da sai an amsa ta kafin a shiga kotu ita ce ko da auren ma har yanzu. Mahaifiyar ta ɗauka "tahi gidanku" saki ne, har ta fara ƙirga wa ɗiyarta idda. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, irin wannan lafazi kinaya ce da ake komawa ga niyyar mai faɗinta, kuma mijin ya ce bai yi nufin saki ba. Ke nan igiyar aure tana nan. Shi kuma ya so ya ci riba biyu, domin yana cewa yaji ta yi, mai yaji ba bisa haƙƙi ba kuwa ciyarwarta tana faɗuwa. Sai dai wadda aka kora aka kulle ɗakinta ba za a kira ta mai yaji ba, kuma kwaɗon da ya kai ƙara a kansa shi ne babbar shaidar cewa shi ya rufe mata ƙofa.

A kan hul'in ne na fi daɗewa da su, domin nan ne asarar take. Hul'i halal ne, asalinsa yana cikin aya ta 229 ta Suratul Baƙara, kuma ƙofa ce da aka buɗe wa matar da ba ta son zaman alhali mijin bai cuce ta ba. Ita ke son fita, saboda haka ita ke biya. Matar da aka cuta tana da wata ƙofar daban, wato ta nemi alƙali ya raba auren saboda cutarwa, kuma idan cutarwar ta tabbata ba ta mayar da ko kwabo. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda alƙalanmu ke dogara da shi, ya bayyana cewa tana da wannan haƙƙi idan cutarwar bayyananniya ce ko da shaidu ba su ce an maimaita ta ba. Mutane da yawa a garin nan sun san ƙofar farko kawai, shi ya sa da an ji mace ta kai ƙarar aure sai a fara tambayar nawa za ta biya. Abin da ya fi ba ni tsoro a takardar shi ne sharaɗin yaran, domin malaman Malikiyya sun yarda mace ta fanshi kanta da sarayar da haƙƙinta na reno, saboda haka ba magana ce da za a ce alƙali zai yi watsi da ita kai tsaye ba. Gaskiya ne cewa matar da ta biya hul'i, daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta tilasta ta, ana mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma ya zauna. Amma wannan wata sabuwar shari'a ce da za ta fara ba kuɗi a hannunta, yaran kuma suna wani gida ana saba musu da rashinta.

Da na gama bayani matar, wadda tun shigowarsu ba ta ce uffan ba, ta dubi kawunta ta ce, "Kawu, in dai haka ne ba ni sa hannu." Ba a koma zauren mai unguwa ba.

Shigar da ƙara a ƙaramar kotun shari'a ba ta da wahalar da mutane ke zato. Mace baliga tana kai ƙara da kanta ba sai da waliyyi ba, tana kuma iya naɗa wakili ko ta ɗauki lauya, wanda ba shi da hali kuma yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ana zuwa wurin rajistara a faɗi da'awa da Hausa, a biya kuɗin ƙara a karɓi rasit, a rubuta sammaci ma'aikacin kotu ya kai wa wanda ake ƙara. Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne tsara da'awar, domin alƙali ba ya hukunci a kan abin da ba a roƙe shi ba. Mun nemi abu huɗu a fili: raba aure saboda cutarwa, renon yaran uku, ciyar da su tare da bashin ciyarwar matar tun daga daren da aka kore ta, da tabbatar mata da kayan ɗakinta.

A mako guda kuma ta kai nata rahoton na duka caji ofis. A nan aka fara ce mata maganar gida ce, ta koma a sasanta. Wannan tunani yana da tushe a tsohuwar dokar laifuffuka ta Arewa, wato Final Kod, da ta fara aiki a 1960, wadda sashenta na 55 ya sassauta wa miji a kan abin da ta kira ladabtar da mata. Sai dai ko a cikin wannan tsohuwar doka sassaucin bai kai ga mummunan rauni ba, kuma karayar ƙashi ko ta haƙori tana cikin abin da dokar ta lissafa a matsayin mummunan rauni. Ban da haka, an yi dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya a 2015, Jihar Sakkwato kuma ta yi tata a 2021. Da muka ajiye hoton ƙashin da katin asibitin a kan tebur muka nemi ganin babban jami'in ofishin, aka buɗe fayil aka ba da ɗan sanda mai bincike. Da an ci gaba da jan ƙafa, da akwai hanyar rubuta koke ga Kwamishinan 'Yan Sanda, ko kuma a kai ƙarar kai tsaye gaban kotu, wadda ke da ikon sauraren mai koke ta umarci a yi bincike.

Akwai ƙa'idar ba da bayani da nake maimaita wa duk wanda na raka: ka faɗi abin da ka gani da ranar da wurin, kada ka ƙara gishiri, kuma kada ka sa hannu sai an karanta maka abin da aka rubuta an fassara maka shi da harshen da kake ji. Matar ta bi wannan. Mijin, da aka gayyato shi, ya zo da ƙarfin gwiwar wanda yake ganin shi ne mai ƙara, ya ce ai bai doke ta ba, ture ta kawai ya yi ta faɗi, ya sa hannu. Da wannan aka rubuta takardar rahoton farko, wadda ma'aikata ke kira FIR, aka gurfanar da shi, aka ba da belinsa.

A kotun shari'a ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Mahaifiyar ta so ta yi shaida, aka nuna mata cewa shaidar uwa ga ɗiyarta ba ta karɓuwa, ta ƙanin kuma mijin zai soke ta da ƙiyayyar da ke tsakaninsu. Waɗanda suka tsaya su ne wani dattijo da katangarsa ke haɗe da ta gidan, wanda ya ce ya sha jin kuka ta kan katanga kuma a daren ya fito ya gan ta a ƙofar gida riƙe da hannu, da mai shagon da ya tsayar mata da keke. Babu wanda ya ga faɗuwar da idonsa, kuma haka abin yake a kusan kowace shari'ar duka, tunda a bayan labule ake yi. Saboda wannan ne fiƙihun Malikiyya ya karɓi shaidar ji a babin cutarwa, wato adalai su shaida cewa labarin ya yaɗu tsakanin maƙwabta da matan unguwa. Alƙali ya ba mijin damar sukar shaidun bai kawo abin suka ba. Sannan ya tambaye shi ko ya ture ta, shi kuma da yake ya san abin da ya sa wa hannu a caji ofis, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, na ture ta, amma ban yi nufin karya ta ba." Da cutarwar ba ta tabbata ba, da alƙali ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga kowane dangi, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Iƙirarin ya rufe wannan hanya.

Kafin hukunci alƙali ya yi i'izari, ya tambayi mijin a gaban shaidu ko yana da sauran hujja ko magana, ya ce babu, aka rubuta. Wanda bai saba da kotu ba zai ɗauka wannan al'ada ce kawai, alhali kotunan sama suna rushe hukunci sukutum saboda rashinsa, don haka mai nasara ya fi kowa buƙatar ya ga an yi shi an kuma rubuta.

An raba auren da saki ɗaya ba'ini, wanda babu kome a cikinsa sai da sabon ɗaurin aure da yardarta, ba tare da ta mayar da sadaki ko lefe ba. An ba ta renon yaran uku, domin a Malikiyya uwa ce ke da reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, uba kuma yana nan a matsayin waliyyi mai ciyarwa da tufatarwa da kula da karatu da magani. Mijin ya kawo hujjar da aka saba ji, cewa gobe za ta yi aure wani ƙato ya riƙe masa 'ya'ya. Alƙali ya bayyana masa cewa ko ta yi aure renon yana komawa ne ga mahaifiyarta, sannan danginta mata irin su 'yar'uwarta, kafin layi ya zo kansa. An yanke kuɗin wata bisa ƙarfinsa da tsadar abinci, an haɗa da ladan shayarwa tunda sakin ba'ini ne jaririyar kuma tana kan nono, an sa ya biya bashin ciyarwar watannin da ta yi a gida da aurensa a kanta, an kuma tsara ranakun da zai riƙa ganin yaran.

Kayan ɗaki ba su ɗauki lokaci ba. Gado da katifa da kwanuka nata ne bisa al'ada, ta yi rantsuwa aka bar mata. Keken ɗinki da firji akwai rasit, ɗaya da sunanta ɗaya da sunan mahaifiyarta. Talabijin babu takarda, kuma abin da maza da mata duk ke mallaka ana bar wa miji ne da rantsuwarsa, saboda haka ƙanin ya mayar da ita a gaban ma'aikacin kotu. Da tun farko kotu aka roƙa, da ma'aikacinta ne zai je ya buɗe ɗakin ya rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai kwana a caji ofis.

Shari'un laifin biyu sun ƙare da sulhu, amma a gaban kotu aka yi shi aka rubuta, bayan hukuncin auren ya fita. Ban hana matar yafewa ba, haƙƙinta ne, kuma tana duban cewa uban 'ya'yanta ne, ɗaurinsa ba zai sa tukunya a wuta ba. Abin da na tsaya a kai shi ne kada yafewar ta zama farashin 'ya'yanta. Ya biya kuɗin asibiti da na magani, ƙanin ya biya kuɗin ƙofa da kwaɗo, kowa ya janye kokensa da amincewar kotu. Ba kowane laifi ake rufewa haka ba, domin manyan laifuffuka irin su fyaɗe da kisa ba a kashe su da yarjejeniyar dangi, kuma sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya sa ikon ci gaba da tuhuma ko dakatar da ita a hannun Antoni Janar na jiha. Kawun ya ƙi neman diyyar kwanan da ya yi a tsare, ya ce ya bar wa Allah, ko da yake a ganina ya kamata ya nema.

Mijin bai ɗaukaka ƙara ba har wa'adin ya wuce. Ya biya kuɗin wata sau biyu ta hannun kotu, a wata na uku ya ce kasuwar albasa ta faɗi, a na huɗu ya daina ɗaukar waya. Da yake mun roƙa tun farko a riƙa biya ta wurin rajistara ana ba da rasit, ba a yi gardamar nawa aka biya nawa ya rage ba. Matar ta koma kotun da kwafin hukuncin da rasit biyu da mahaifiyarta ke ajiyewa a cikin gwangwanin madara, ta nemi a zartar da hukunci, aka sake rubuta masa sammaci. Ranar da ta zo karɓar kwanan zaman, da hannun hagu ta riƙe takardar, domin na daman har yanzu yana mata tsami idan ta daɗe a kan keken ɗinki.